Sa'ad da Bitrus Ya Janye Hannunsa Daga Akushi

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, bari ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 2, daga aya 11 zuwa 14, ya sa yatsa a wurin. Ku da kuke gona, ko a kan hanya, ko iyayenmu mata da kuke bakin murhu, kada ku damu. Za mu ba da labarin da bakinmu, in kun sami sarari da dare sai ku karanta da kanku ku ga ko haka yake.

Zancenmu na yau a kan wariyar launin fata ne da ƙabilanci. In aka ambaci waɗannan kalmomi, hankalin yawancinmu yakan tafi wurin bindiga da adda, da gidajen da aka ƙone, da mata ɗauke da kaya a ka suna gudun hijira. Gaskiya ne, can abin yake ƙarewa. Amma inda yake farawa wuri ne da ba a jin ƙarar kome. Yana farawa a bakin akushi, ranar da mutum ya dubi wanda yake zaune kusa da shi, ya janye hannunsa.

Antakiya babban birni ne a ƙasar Suriya ta wancan zamani, a yau kuwa wurin yana cikin ƙasar Turkiyya. A nan ne aka fara kiran almajirai Kirista. Ikkilisiyar Antakiya gauraye take. In kun duba farkon sura 13 ta Ayyukan Manzanni za ku ga sunayen malamanta su 5. Akwai Barnaba, Balawi ne haifaffen tsibirin Kubrus. Akwai Saminu, wanda laƙabinsa yake nufin baƙi. Akwai Lukiyas mutumin Kurane, wato cikin ƙasar Libiya ta yau, nan Afirka. Akwai Manayen da aka goya tare da sarki Hirudus, sa'an nan Shawulu mutumin Tarsus. Waɗannan mutane da jama'arsu, Yahudawa da al'ummai, tare suke cin abinci. Mu a yau wataƙila ba za mu ga wani abin mamaki a ciki ba, amma ga Bayahuden wancan lokaci babban abu ne ƙwarai, gama tun yana yaro aka koya masa cewa shiga gidan marar kaciya da cin abincinsa ƙazantar da kai ne.

Bitrus ya zo Antakiya, ya tarar da wannan zumunta, ya shiga ciki yana ci da kowa. Ana nan sai ga waɗansu baƙi daga wurin Yakubu, shugaban masu bi na Urushalima. Da zuwansu Bitrus ya fara noƙewa, har ya koma gefe, don yana tsoron masu riƙe da zancen kaciya. Sauran Yahudawa masu bi suka ga abin da babba ya yi, suka bi sawunsa. Har Barnaba, mutumin da ya sha aiki wajen gina ikkilisiyar nan, shi ma ruwan ya tafi da shi.

Mu tsaya nan kaɗan, akwai abin lura. Bitrus ba maƙiyin al'ummai ba ne. Shi ne ya ga wahayi a kan soro a garin Yafa. Shi ne ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma, a Kaisariya, ya ga da idonsa Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya, ya sa aka yi musu baftisma. Da ya koma Urushalima aka tuhume shi a kan ya ci abinci da su, shi ne ya tsaya ya kāre abin da ya yi. Koyarwarsa daidai take. Da an tare shi a Antakiya an tambaye shi ko Bahelene yana samun ceto ta wurin bangaskiya, da nan take zai ce i. Muna kuma iya zato yana da hujjojin da za su gamsar da kowane kwamiti: baƙi ne, kada a ɓata musu rai, kwana nawa ma za su yi, in labari ya koma Urushalima zai zama surutu, gara a bi a hankali. Littafi bai gaya mana abin da ya ce a ransa ba. Abin da ya gaya mana kalma ɗaya ce, tsoro.

Yanzu ku sa kanku a matsayin ɗan'uwa Bahelene na wannan ikkilisiya. Jiya hannunsa da na manzon Yesu cikin akushi ɗaya suke. Yau ya shigo ya tarar an shimfiɗa tabarma biyu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, tuwonsa ma bai ragu ba. Amma ya gane saƙon sarai: kai Kirista ne, ba mu ƙi ba, sai dai ba irinmu ba. Ku tuna kuma, a zamanin nan a cikin cin abincin zumunta ake yin Jibin Ubangiji. Raba tabarma raba ƙoƙo ne.

Bulus bai ja Bitrus gefe ya raɗa masa a kunne ba. A gaban jama'a aka yi abin, a gaban jama'a ya tsauta masa. Bai kuma ɗauki abin a matsayin rashin ladabi ga baƙi ko ƙaramin kuskuren tsari ba. Ya ce tafiyarsu ta kauce wa gaskiyar bishara. Me ya sa ya kai abin can? Domin in sai mutum ya zama Bayahude kafin ya cancanci zama a teburin Ubangiji, ashe jinin Almasihu bai isa ba ke nan, sai an ƙara masa da jinin kakanni. Wannan ne ya sa manzo ya ƙi yin shiru ko da yake wanda yake gabansa ya riga shi bin Yesu.

To, da Bulus ya yi shiru fa, da me ya faru? Ba sai mun yi ta zato ba. Tarihin ikkilisiya ya ba mu amsa a ƙasar Afirka ta Kudu, kuma ya kamata kowane dattijon ikkilisiya ya san labarin.

Turawa 'yan ƙasar Holan sun fara zama a yankin Kef, can ƙarshen kudancin Afirka, a shekara ta 1652, suka zo da ikkilisiyarsu, wadda a harshensu ake taƙaita sunanta NGK. A hankali waɗansu daga cikin 'yan ƙasa da bayi suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma. Da zancen teburin Ubangiji ya taso a 1829, shugabannin ikkilisiyar suka tsaya a kan cewa tare za a ba kowa, ba duban launi, domin haka Maganar Allah ta koyar. Amma gunaguni bai ƙare ba. Waɗansu fararen fata suka yi ta roƙo a ware musu nasu lokacin cin Jibi. A 1857 babbar majalisar ikkilisiyar ta zauna ta yanke shawara. Ku saurari yadda aka tsara ta. Majalisar ta fara da cewa abin da ya fi kyau, wanda kuma ya dace da Littafi, shi ne a karɓi sababbin masu bi cikin ikkilisiyoyin da ake da su. Sa'an nan ta ƙara da cewa, inda hakan zai kawo cikas ga aikin bishara saboda raunin waɗansu, to, a bar su su yi sujadarsu a wani gini dabam.

Kun ji muryar Antakiya a ciki? Ba su ce baƙin mutum ba shi da rai ba. Sun san gaskiya, sun ma rubuta ta a layin farko. Sai dai suka bar wa rauni ƙofa, don a zauna lafiya. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Abin da aka yarda da shi a matsayin rangwame, cikin 'yan shekaru ya zama al'ada. A 1881 aka kafa ikkilisiya dabam domin masu ruwa biyu, daga baya aka kafa wa baƙaƙe tasu, Indiyawa ma tasu. Al'ada kuwa in ta daɗe takan nemi aya ta jingina a kai. Masana tauhidi suka koma Farawa sura 11, labarin hasumiyar Babila, suka ce ai Allah ne da kansa ya raba al'ummai, saboda haka haɗa su saɓa wa nufinsa ne. Abin da kakanninsu suka kira rauni, jikoki suka kira shi nufin Allah.

Bari mu ɗan ratse, tun da mun taɓo zancen murɗe ayoyi. Har yanzu akan sami mai cewa baƙar fata la'anar Ham ce. Masu bayi a Amurka sun daɗe suna fakewa da wannan magana. Ku buɗe Farawa sura 9 ku karanta a natse. Sunan da Nuhu ya ambata cikin la'anar Kan'ana ne, ba a kuma yi zancen launin fata ko sau ɗaya a wurin ba. Kush, ɗan'uwan Kan'ana, wanda sunansa ya bi ƙasar da take kudu da Masar, ba abin da ya taɓa shi. A Littafin Ƙidaya sura 12 kuma, sa'ad da Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa saboda ya auri mace Bakushiya, ku duba ku ga wanda Allah ya yi fushi da shi. In kun ji wani yana wannan koyarwa, ko a kan bagade yake, ku roƙe shi ya nuna muku ayar.

Mu koma Afirka ta Kudu. A 1948 jam'iyyar masu ra'ayin wariya ta ci zaɓe, wanda ya zama firayim minista kuwa, Daniel Malan, tsohon fasto ne na wannan ikkilisiya. Daga nan abin da aka fara a teburin Jibi ya zama dokar ƙasa. A 1949 aka haramta aure tsakanin farare da sauran jama'a. A 1950 aka yi dokar rubuta kowane mutum a ƙarƙashin launinsa, aka kuma yi dokar raba unguwanni. A 1953 aka ware wa 'ya'yan baƙaƙe irin nasu ilimi, wanda aka tsara domin su tashi 'yan ƙwadago. Baƙaƙe su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, amma ƙasar da doka ta keɓe musu ba ta wuce kashi 13 cikin 100 ba. An ƙiyasta cewa tsakanin 1960 da 1983 an ta da mutane wajen miliyan 3 da rabi daga gidajensu da ƙarfin hukuma. A ranar 21 ga Maris, 1960, a garin Shafbil, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin takardar izinin yawo, hukuma da kanta ta ƙirga gawa 69, da yawansu a baya harsashi ya same su.

Lambobi sukan wuce ta kunne, bari mu ba ku labarin yarinya ɗaya. Sandra Laing an haife ta a 1955. Uwarta da ubanta farare ne, amma ita ta fito da duhun fata da gashi mai murɗewa. Tana da shekara 10 aka kore ta daga makarantar farare, hukuma ta sauya mata launi a takarda. Ubanta ya yi ta shari'a har aka mai da ita farar fata a takarda, amma takarda ba ta sa maƙwabta sun karɓe ta ba. Da ta girma ta bi wani baƙin mutum, uban nan da ya yi mata faɗa a kotu shi ne ya yanke ta daga gidansa, har ya mutu ba su sake haɗuwa ba. A zamanin nan in jami'ai suka rasa inda za su sa mutum, wani lokaci fensir suke soka masa a gashi, in ya zame ya faɗi launi dabam, in ya maƙale launi dabam. A kan fensir ake yanke unguwar da mutum zai zauna da wadda zai aura. Ku lura kuma, ɓarnar ba ta tsaya kan wanda aka ware kaɗai ba. Uban nan ya rasa 'yarsa. Jama'a guda sun yi shekaru suna zuwa sujada kowace Lahadi, suna rera waƙoƙi, lamirinsu kuwa ya yi kanta har ba sa ganin mai yi musu shara a matsayin ɗan'uwa.

Allah bai bar kansa ba mashaidi. Beyers Naude babban fasto ne cikin wannan ikkilisiya, ɗan gida, ana ganin zai kai ƙoli. A 1963 ya zaɓi ya ajiye muƙaminsa da ya ci gaba da goyon bayan wariya. Mutanensa suka juya masa baya, gwamnati ta sa masa takunkumi daga 1977 zuwa 1984, shi kuwa ya je ya zama ɗan ikkilisiyar baƙaƙe. A 1982, a birnin Otawa na ƙasar Kanada, taron ikkilisiyoyin duniya masu irin wannan koyarwa ya bayyana cewa kāre wariya da Littafi karkatacciyar koyarwa ce, aka dakatar da NGK. Ikkilisiyar nan da aka ware tun 1881 ita ce ta rubuta shaidar bangaskiya ta Belhar, ta amince da ita a 1986, inda ta ce haɗin kan masu bi kyauta ce daga Allah kuma wajibi ne a gan shi da ido. A shekarar nan ta 1986 ne NGK ta buɗe ƙofarta ga kowane launi, dubban mutanenta kuwa suka fice don fushi suka kafa tasu. A 1990, a taron Rustenbag, wani malamin tauhidi mai suna Willie Jonker ya tashi ya furta zunubin wariya a madadin kansa da ikkilisiyarsa, Bishop Desmond Tutu ya miƙe ya karɓi tuban. Ku lissafa, daga 1857 zuwa 1986 shekara 129 ke nan. Bulus bai yi shiru a kan tsaguwar Antakiya ba. Ta Afirka ta Kudu ta ci zuriya biyar, har yau ma ikkilisiyoyin da aka raba ba su gama komawa ɗaya ba.

Wani zai ce, ai wannan tsakanin fari da baƙi ne, mu duk launinmu ɗaya. To, a watan Afrilu na 1994, watan da mutanen Afirka ta Kudu suka yi layi suka zaɓi Nelson Mandela, a wannan watan ne aka fara kisan ƙare dangi a Ruwanda. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, a kan tuddai ɗaya suke zaune, yawancinsu masu baftisma ne. Turawan Beljiyam ne suka sa aka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida tun shekarun 1930, katin kuwa ya zauna har ranar da aka tsaya da shi a shingayen hanya. Cikin kwana 100 aka kashe mutane wajen 800,000, mafi yawansu Tutsi. Jama'a suka gudu cikin majami'u suna tsammani ba za a taɓa su a can ba. A majami'ar Ntarama kaɗai an kashe kimanin 5,000. Ashe launi ba shi ne tushen abin ba. Zuciyar da take son ta raba, in ba ta sami launi ba za ta nemi tsawon hanci.

A maƙwabciyar ƙasa, Burundi, a ranar 30 ga Afrilu, 1997, 'yan bindiga suka shiga makarantar horon firistoci ta Buta da asuba. Suka umarci ɗalibai su rabu, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi rabuwa. Aka kashe 40 daga cikinsu. Abin da Bitrus ya kasa yi a gaban baƙi, 'yan makaranta suka yi shi a bakin bindiga.

'Yan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu dawo gida. Da yawa a cikin masu saurarenmu sun san zafin kalmar arne, sun san yadda ake furta kalmar ƙabila da taɓe baki. Maganar da ba ta fita sosai ba akan kira ta gwaranci, an manta Gbagyi mutane ne masu cikakken harshensu. Ɗan Ibo an laƙa masa nyamiri. In ɗan arewa ya sauka kudu, kalmar aboki mai daɗin nan ita ake juyawa a rena shi da ita. Kowace al'umma tana da sunan da ta ajiye wa maƙwabciyarta, yara kuwa a gindin murhu suke koyonsa, tun kafin su iya addu'ar Ubangiji. Wanda ya san zafin irin wannan suna a jikinsa, yaya zai ajiye wani a bakinsa domin ɗan'uwansa?

Ku dubi zancen aure. Saurayi da budurwa sun haɗu a ƙungiyar mawaƙa, dukansu masu bi ne, ba wanda yake da abin faɗa a kan halinsu. Magana ta kai gaban uban yarinya, dattijon ikkilisiya, sai ya tambayi garin su yaron. Da ya ji, sai ya ce, ni kam ba ni da damuwa, amma dangi ba za su gane ba, ba mu saba ba. Wannan ita ce shawarar 1857 sanye da babbar riga. Haka nan ranar zaɓen dattawa, ko ranar da za a sauya wa fasto wurin aiki, akan yi addu'a a fili a roƙi jagorar Ruhu, alhali an riga an gama ƙirga a ɓoye, namu nawa, nasu nawa. A waɗansu wurare na duwatsun Mandara, tun kaka da kakanni ba a cin abinci a ƙwarya ɗaya da zuriyar maƙera, ba a kuma aure da su. A waɗansu wuraren asalin bauta ake tonowa, wai kakan wane sayensa aka yi. Tambayar da take gabanmu ita ce, ƙwaryar nan da aka ware, ta tsaya a ƙofar majami'a, ko ta shiga?

Akwai kuma ɗan'uwa Bahaushe ko Bafulatani da ya karɓi Almasihu. Sau da yawa ya rasa gida, ya rasa gādo, wani ma an raba shi da matarsa da 'ya'yansa. Ya zo wurin waɗanda yake tsammani su ne sabon danginsa, sai ya ga ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Za a tafa masa ranar da ya ba da shaida, amma ba wanda zai ba shi 'yarsa, ba wanda zai sa sunansa cikin masu riƙe baiko. Mun sani akwai raunuka na gaske a ƙauyukanmu, akwai iyalan da suka binne nasu, ba ma kuwa rena hawayen kowa. Mai laifi a kama shi a hukunta shi. Amma annabi Ezekiyel, a sura 18, ya koyar cewa alhakin kowa a wuyansa yake, ɗa ba ya ɗaukar na uba. Balle a ɗora wa al'umma guda, har da wanda yake durƙushe kusa da kai yana addu'a.

A wajen majami'a abin har takarda gare shi. Yaro an haife shi a gari, ubansa ma a nan aka haife shi, a nan suke biyan haraji, amma ranar neman makaranta ko aiki sai a ce ya tafi ƙauyen kakansa ya karɓo takardar shaidar ɗan asali. Zancen ɗan ƙasa da baƙo ya sha jawo zub da jini. A Wukari da kewayenta, a 1991 da 1992, da kuma 2001, Tibi da Jukun sun yi faɗa mai tsanani, a kowane gefe kuwa akwai ɗimbin masu zuwa sujada ran Lahadi. Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin irin wannan rana, sa'ad da mutanen Gileyad suka tsare mashigin Urdun suna sa kowa ya faɗi kalmar shibolet. Wanda harshensa ya karkace aka san Ba'ifraime ne. Mutum 42,000 suka hallaka, su da masu kashe su duk jikokin Yakubu ne.

Kada wani ya ji mu a karkace. Son harshenka ba zunubi ba ne. A ranar Fentikos Ruhu bai mai da harsuna ɗaya ba, kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Muna murna da kowace al'umma da ta sami Littafi da harshenta, muna murna da sujadar da ake yi da harshen uwa domin tsofaffi su ji su gane. Inda za a gwada abin shi ne, in baƙo ya shigo, akwai mai matsa masa wuri ya fassara masa? In ana rabo, sunansa yana ciki?

Zancen rabo kuwa ya kai mu Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima masu bi Yahudawa ne duka, amma waɗansu da Helenanci suka tashi, waɗansu da harshen gida. Masu Helenanci suka kawo kuka cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Wataƙila ba da gangan ba ne, mai rabo yakan fara da fuskar da ya sani. Manzanni ba su ce masu kuka suna kawo rabuwa ba, ba su ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin. Ku karanta sunayen a aya ta 5: Istifanas, Filibus, da sauransu har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Dukan sunayen nan 7 na Helenanci ne. Alama ke nan cewa masu rinjaye sun ɗauki mabuɗin rumbu sun miƙa wa ɓangaren da aka tsallake. Nan da nan bayan wannan, aya ta 7 ta ba da labarin yadda almajirai suka yi ta ƙaruwa a Urushalima.

Saboda haka muna roƙon dattawa da shugabannin zumuntar mata, a zamanku na gaba ku ɗauko littafin ikkilisiya ku buɗe. Ku duba sunayen waɗanda aka taimaka wa daga asusun gwauraye da marayu cikin shekara 3 da suka wuce, da sunayen waɗanda suka riƙe muƙami, da gidajen da aka kai wa ziyarar gaisuwa. Sa'an nan ku ɗaga kai ku dubi waɗanda suke zama a bencin baya ran Lahadi, ku gwada sunayen da fuskokin. In akwai wanda bai fito a littafin ba, a aika mutum biyu gidansa cikin makon nan, su kuma ci abin da aka kawo musu.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, a kan bawan nan Unisimas da ya gudu ya komo. Sura ɗaya ce tak, aya 25. Ku karanta ta kafin mu sadu. Ubangiji ya kiyaye ku.